Injin 504 ya tashi, kayan ciki ne suka gagara samuwa

Mai 504 na Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema a kan Peugeot 504 ta marigayi babanmu, ƙirar 1972 ce, mai giya a jikin sitiyari. Inji an sauke an gyara, birki da kafafu an yi, tol, wato gangar jiki, an buge an yi fenti, duk wannan bai ba ni wahala ba don piyes ɗin inji, wato kayan gyaranshi, har yanzu ana samu. Abin da ya tsaida ni shi ne ciki. Tablo, wato allon gaban direba mai agoguna, ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, hannun ɗaga gilas biyu sun karye, allunan ƙofofi sun kumbura sun lanƙwashe, komodo, wato sandar kunna fitila ta jikin sitiyari, ya mutu, rufin sama ya zubo. Na zaga kasuwar Katako na zaga wajen masu faray, wato masu saida kayan matattun motoci, kowa sai ya ce a kawo a sa ta wata mota a daidaita, ni kuma so nake in zauna ciki in ga abin da nake gani ina yaro a kujerar baya. Wa ya san inda ake samun na asali don Allah?

Makanike na Wadata:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ƙanena kafin ka fid da ko dala, buɗe kapo, wato murfin inji, ka ɗauki hoton ƙaramin farantin ƙarfen nan na kamfani mai lambar mota ka turo. Kar ka dogara da shekarar da ke kan kart giris, wato takardar mota, da yawa an rubuta shekarar da motar ta shigo ƙasa ne ba shekarar da aka ƙera ta ba. 504 an fara ta 1968 a Sochaux, Faransa ta daina salun ɗin, wato mai ƙofa huɗu da but a baya, a 1983, kuma tsakanin nan tablo ya canza ba sau ɗaya ba, akwai mai agogo uku zagayayyu, akwai na 504 L mai kontar, wato agogon gudu, doguwa a kwance, akwai na baya-baya da roba ta yi yawa. In ka ce ma mai sayarwa "tablon 504" kawai, abin da ke gabanshi zai ba ka.

Mai 504 na Yamai:
Amin yaya, na gode. Mai agogo uku ce. Gobe in sha Allah zan turo hoton farantin.

Tsohon direban Tawa:
Yaro Allah shi yi maka albarka da ka tuna da motar mahaihinka. Amma ku yaran yanzu komi sai ku ce intanet, ku bari in gaya muku inda kayan nan suke. Mu da muka yi tuƙi shekarun 70 da 80 mun gani da idonmu, Turawa matasa su sayi tsohuwar 404 ko 504 can ƙasarsu, su ƙetara teku, su biyo Aljeriya ta Tamanrasset su shigo Assamaka, Arlit, Agadas, su gangaro Tawa, wasu su wuce Ƙonni ko Yamai su saida motar su hau jirgi su koma. To motocin ga ba su koma ko'ina ba, nan suka mutu. Duk garin da ke bisa hanyar nan, Abalak, Tabalak, Tawa, Badagishiri, sai ka iske gawar Peugeot bayan wani gida ko cikin tsohon garaji. Kuma irin su ne ƙirar Faransa ta farko wadda kake bida. Wadda aka aje a fili rana ta gama da ita, kar ka ɓata lokacinka. Ka tambayi wadda aka shigar cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, irin ta tsohaffin ma'aikata da alhazai da suka rasu magada suka rasa yadda za su yi da ita.

Ɗan Kaduna:
Baba da girmamawa, ai ba sai an sha wannan wahalar ba. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot tun 1975, kuma 504 ta ci gaba da fita daga can fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina. Motar gwamnati ita ce, motar tasha ita ce. Ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, babu abin 504 da ba zai gani ba, kuma da canjin sefa zuwa naira zai ji sauƙi. Daga Ƙonni ka tsallaka Illela sai Sakkwato, hanya a buɗe take.

Makanike na Wadata:
Gaskiyarka ce amma rabi. Na Kaduna zai taimake shi wajen hannun ƙofa, sakata, robar gilas, madubin ciki, ƙarfen kujera, waɗannan da yawa suna shiga. Amma tablo da konsol, wato abin da ke tsakanin kujerun gaba, a'a, yawancin abin da ya rage a Najeriya na baya ne masu giya a ƙasa, shi kuma tashi giya a sitiyari take, murfin da ke rufe wuyan sitiyarin ma daban ne. Na taɓa ganin wanda ya ɗauko tablo tun daga Kano ya zo ramukan ba su hau ba, ƙarshe aka yanka aka lalata duka biyun.

Ɗan Kaduna:
To na yarda da maganar tablo. Amma sauran ƙananan kayan kar ya kai kuɗinshi Turai, suna nan kusa.

Tapisiye:
Salam jama'a. Ni aikin kujeru da cikin mota sana'ata ce tun ina yaron shago, kuma zan faɗi abin da masu son "na asali" ba su son ji. Tablon nan ba wani abu ba ne illa ƙarfe a ƙasa, soso a tsakiya, fatar roba a sama. Fatar robar akwai wani mai a jikinta da ke sa ta laushi, zafi ne ke fitar da shi a hankali har ta bushe ta fara tsagewa, soson ƙasa kuma ya zama gari. A watan Afrilu da Mayu da Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe gilas aka bari a rana saman tablonta ya fi ƙarfin ka ɗora hannu. Yanzu ka sayo wanda ya shekara 50 a ƙasar sanyi, da gani lafiya lau, ka kawo shi nan, ina tabbatar maka ba zai daɗe ba, don shi ma ya tsufa, sanyi ne kawai ya rufa mishi asiri. Ka zuba kuɗi mai yawa ka dawo inda kake. Abin da nake yi, in cire tablon gaba ɗaya, in yanke bakin tsagar da ya tashi, in cike, in goge har siffar ta dawo, sannan in ja sabuwar sikai, wato fatar roba, baƙa mai ƙwayar da ta yi kusa da ta da. Sirrin yana wajen kol, in ka sa irin wanda ake liƙa takalmi zafin farko zai saki ya yi kumbo, dole mai jure zafi. Allunan ƙofa kuwa kar ma ka nema, kwali ne matsattse, ruwan damina ya bi ta bakin gilas ya jiƙa shi. Tsohon ka kawo min in zana a kan falanki siriri in yanka, in fatar sama ba ta mutu ba ita zan mayar, ƴan ƙarafan adon su ma a mayar. Kuma a liƙa leda tsakanin ƙarfen ƙofa da allon, tun daga kamfani akwai ta, masu gyaran gilas ne ke yagewa su jefar.

Alhaji mai 404:
Malam tapisiye ina ganin girman aikinka amma ban yarda ba. In ka ja sikai bisa tablo ai ka rufe shi ne, ba ka maido shi ba. Duk wanda ya san motar yana leƙawa zai gane, kusurwoyin sun yi kauri, wajen ramin iska ya yi tattara. Yaron nan ya faɗa da bakinshi abin da idonshi ya saba gani yake so. Ni 404 ɗina na yi haƙuri na jira har na samu nata na gaske, kuma ba ta kwana a rana, ba ta yini a rana, gilas na gaba kullum a rufe da tabarma. In mutum zai iya kula da mota haka, na asali zai riƙe shi. Matsalarmu gaggawa, mu gyara yau mu hau gobe.

Tapisiye:
Alhaji kai kana da garaji mai rufi da mota ta biyu ta zirga-zirga. Ba kowa ke da wannan ba. Kuma tattarar da kake faɗa aikin wanda bai ɗumama sikai ɗin ba ne kafin ya ja.

Alhaji mai 404:
Ko an ɗumama, ƙwayar fatar ba ɗaya ba ce. Ban ce aikinka bai da kyau ba, na ce wani abu ne daban.

Hajiya mai familiyal:
Ku yi haƙuri in sa baki. Tamu familiyal ce mai layin kujeru uku, ita ta yi ta kai mu Maraɗi da Damagaram muna yara, yanzu ni ke riƙe da ita. Ni ina tsakiya. Abin da hannu ke taɓawa kuma ido ke kallo kullum, sitiyari da zakin tsakiyarshi, agogunan kontar, maɓallai, hannun giya, waɗannan na dage sai na asali ko da sun ɗan koɗe, don su ne fuskar motar. Amma kujeru da rufi da kafet na ba tapisiye, kuma ban yi nadama ba. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai ɗana, za a ba ka shawarar fatar jar akuya ta Maraɗi tunda fata ce da duniya ta san da ita, kuma dukawanmu na kauyen masu sana'a na Wadata gwanaye ne. Ga sitiyari ko jakar giya tana da kyau ƙwarai. Amma ga kujera a'a, fatar akuya ƙarama ce sai an yi ta haɗe-haɗe, kuma in jan rinin gargajiya ne na karan dafi, mutum ya yi zufa ya zauna da farar shadda ya tashi bayanshi ya yi ja. In fata kake so a nemi ta saniya da aka jeme don kujera.

Mai 504 na Yamai:
Hajiya Allah ya saka, wallahi abin da wani ya ba ni shawara kenan jiya, ashe da na shiga. Kujerun gaba irin masu matashin kai ne da ke shigewa cikin jingina, ƙarfen yana nan lafiya, yadin ne ya mutu.

Tapisiye:
To kar ka bar kowa ya yaga tsohon yadin. A warware ɗinkin a hankali, kowane yanki shi ne ma'aunin sabon. Haka rufin sama, sandunan ƙarfen da ke riƙe da shi ka sa musu lamba daga gaba zuwa baya kafin a zare, tsawonsu da lanƙwasarsu ba ɗaya ba ne, in suka cakuɗe rufin ba zai miƙe ba.

Ɗalibi a Liyon:
Gaisuwa ga manya. Daga nan gefen zan iya ƙara bayani. Peugeot suna da sashen tsofaffin motoci, L'Aventure Peugeot, su ke da gidan tarihin Sochaux, kuma suna saida wasu piyes na tsofaffi. Akwai kuma shaguna masu sake ƙera robobin ƙofa, kilif na alluna, kafet, yadin rufi da aka riga aka ɗinka. Sai dai abin da na lura, sun fi maida hankali kan kupe da kabriyole, wato mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, don su ne masu tsada a nan, salun ba ta samu wannan gatan sosai ba. Na hannu kuma ana gani a shafin saye da sayarwa na Leboncoin da kasuwannin tsofaffin motoci na ƙarshen mako. Ku riƙa lissafi da kyau, yuro ɗaya sefa 656 ne, abin da ka ga an rubuta 150 ya kusa jikka 100 tun bai bar ƙasar ba, ga kuɗin aikowa ga na duwan, wato kwastan. Ƙananan kaya kamar komodo, neman (makullin tada mota), hannun gilas, maɓallai, suna shiga jakar matafiyi ba matsala. Tablo ne bala'i, tsawonshi faɗin mota ne kuma in aka danne shi a hanya ya tsage, ga shi tun 2023 jirgin kai tsaye daga Paris ya tsaya sai an sauka wani wuri an canza, ana ta jifa da kaya.

Mai transit:
Ta ruwa ma ba kamar da ba ne. Da ta Kwatano ake saukewa a bi Gaya, yanzu tunda iyakar Benin ta rufe yawanci sai Lome a ratso Burkina, lokaci ya ƙaru kuɗi ya ƙaru. In za ka yi, ka haɗa da mai kwantena a sa maka cikin akwatin katako, kar a cusa cikin wata mota tare da firiji da katifu.

Makanike na Wadata:
Wani abu kuma tunda an fara maganar waje. Za ka ga tablo mai kyau da arha daga Kenya ko Afirka ta Kudu ko Ostareliya, kar ka taɓa, can sitiyari a dama yake, komi a juye. Kenya sun haɗa 504 har 2004 shi ya sa kayansu ke da sauran rai, amma tablonsu ba namu ba ne. Ajantina sitiyarin hagu ne kamar mu, sun yi ta har 1999, sai dai sun canza cikin motar sosai a shekarun baya, ba zai yi kama da ta 1972 ba.

Injiniya ƙarami:
Ni ban ga an ambaci buga kaya da na'urar 3D ba. Ƙananan robobi irin ramin iska, murfin sukurori, kan maɓalli, kilif, in akwai guda ɗaya mai lafiya ana aunawa a zana a kwamfuta a buga goma. Amma a kula da irin robar, wadda aka fi amfani da ita PLA tana fara laushi wajen digiri 60, cikin mota a Yamai narkewa za ta yi ta lanƙwashe. A nemi ABS ko ASA.

Alhaji mai 404:
Wannan kuma ai ya fi sikai nisa da asali.

Injiniya ƙarami:
Baba kilif ɗin da ke bayan allo wa zai gan shi? In babu shi allon faɗowa zai yi.

Tsohon direban Tawa:
Yaron ga ya yi gaskiya Alhaji. Kuma hannun gilas ɗin da ya karye, mu da can wajen masu zubin tukunya muke kaiwa, irin na Katako masu narka alminiyom su zuba cikin ƙasa. Ka ba su mai lahiya su danna cikin ƙasa su hidda siffa. Sai dai haƙoran cikin ramin ba su hita da kyau a zubi, sai a ciro na tsohon a dasa, in ba haka ba yana zamewa bisa ƙarhen. Ba shi karyewa kuma har abada. Amma tunda Kano akwai, ka fara bida can.

Hajiya mai familiyal:
Abin da ke ci min rai ni ba tsada ba ne. Masu sayen tsohon ƙarfe ne da ke bi gari gari suna ɗaukar motocin nan a kilo. Su ƙarfe kawai suke so, kujeru da tablo da agoguna sai a fasa da guduma a watsar ko a cinna musu wuta don a rage nauyin banza. Na ga wata 504 a unguwarmu da ta shekara da shekaru a cikin gida, cikinta kamar ba a taɓa shiga ba, kafin in samu magadan mu yi magana an yanka ta an loda. Na yi kwana ina jin zafin abin. Ba laifin yaran ba ne, abincinsu suke nema, kuma magada ba su san akwai mai so ba. Mu ne ba mu isa wurin da wuri ba.

Makanike na Wadata:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake. Shi ya sa ni shawarata ta ƙarshe gare shi, ya bar sayen ɗaya ɗaya. Ya nemi matacciyar mota sukutum ta shekarun da suka yi daidai da tashi, ko inji babu ko ƙasa ta ruɓe ba komi, in dai ciki na nan. Ya biya abin da ya ɗara na mai kilo kaɗan, ya kwashe duk abin da ke ciki har sukurori da wayoyi, gangar jikin ya saida ma masu ƙarfen ya maida wani abu. Sau da yawa kuɗin motar gaba ɗaya bai kai na tablo ɗaya daga Turai ba. Kuma abin da ya yi saura wani a cikinmu na buƙata.

Ɗalibi a Liyon:
Kuma don Allah duk wanda zai saya daga nesa, ko daga nan ko daga Najeriya, kar ya tura kuɗi a kan hoto kawai. Wani ɗan uwanmu ya tura ma wani mutum kuɗin agogunan kontar, hotunan ashe na wani ne aka kwafo, daga ranar waya a kashe. Ka ce ya ɗora takarda mai kwanan watan ranar a kan kayan ya ɗauka, ya juya bayan ya nuna maka ƙafafun da ake ɗaurewa, don nan ne suke karyewa kuma nan ne ba a nunawa. In da hali a samu wani ya je ya gani da ido.

Mai 504 na Yamai:
Na gode ƙwarai da gaske, iyaye da yayye. Ga yadda na tsara. Tablon ba zan ba da a rufe ba tukuna, zan ba kaina lokaci in nemi matacciyar mota ta hanyar Tawa kamar yadda baba ya ce, in har damina ta wuce ban samu ba malam tapisiye zan kawo maka. Kujeru da rufi da alluna kuwa tun yanzu naka ne. Ƙananan kaya zan bi ta Kano, komodo kaɗai zan roƙi ƙanenmu na Liyon ya duba min.

Alhaji mai 404:
Haka ya yi. In ma ka kai ga rufewa, a yi shi yadda ba za a huda ƙarfen ko a yanke shi ba, don ranar da na gaske ya samu.

Tapisiye:
Wannan na yarda da shi Alhaji, ba na huda komi. Ka zo da kujerun da allunan duka huɗu ko da ɗaya ya fi lalacewa, kuma kar a wanke yadin kafin in auna, yana shiga ruwa zai tsuke.

Tsohon direban Tawa:
Akwai gida biyu da na sani nan Tawa, ɗaya wajen tsohuwar tasha, ɗaya hanyar Abalak, ban san ko motocin na nan ba har yanzu. Bayan sallar Juma'a in Allah ya kai mu zan sa jikana ya kai ni in duba, shi ya iya ɗaukar hoto da waya. Ka turo hoton tablonka da na farantin kahin nan don in san mi nike dubawa.

Hajiya mai familiyal:
Baba in ka iske familiyal ce a tambayar min kujerar layi na uku da ƙarfen da ke riƙe ta, tawa an yi mata walda har ta gaji. Kuma kowa a garinsu, Dosso, Doguwa, Madawa, Maraɗi, in ya ga wadda aka jingine ya ɗauki hoton ciki da farantin ya sako nan kafin masu kilo su riga mu.